Littafin da Aka Buga Kwafi 200 Kacal

A shekarar 1900 wani dillalin zane-zane a birnin Paris, Ambroise Vollard, ya wallafa kundin waƙoƙin Paul Verlaine mai suna Parallèlement, kwafi 200 kacal, da zanen Pierre Bonnard cikin launin ruwan hoda yana zagaye baitocin. Bai yi kasuwa ba a lokacin, yau kuwa gidajen tarihi da attajirai ke rububinsa a wurin gwanjo. Mutane da dama suna ganin wannan dabarar 'yan kasuwa ce, a ƙaranta kaya don farashi ya tashi. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, sai dai ƙarancin ya samo asali ne daga aikin kansa. Mai zanen da hannunsa yake zana a kan dutse, ko ya shafe farantin tagulla da kaki, ya ja layi da allura, a tsoma a ruwan asid ya ci gurbin. Daga nan a shafa tawada, a danna takarda ɗaya bayan ɗaya. Yawan dannawa yana cinye tagulla, siraran layuka su dusashe, shi ya sa ake ƙayyade adadi, a sa wa kowane kwafi lamba, sau da yawa kuma a karce farantin in an gama don kada wani ya sake bugawa.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ba a karanta irin waɗannan littattafan. Da yawansu warwatsattsun shafuka ne a cikin akwati, wasu dillalai ma sukan zare zanukan su sayar ɗai-ɗai, wanda ɓarna ce ƙarara. Amma ko banza mai zanen ya karanta, kuma zanensa sharhi ne. Da Vollard ya fitar da labarin Balzac na tsohon mai zane da neman kamala ya zautar, a 1931, zanuka 13 na Picasso ba su bi labarin daki-daki ba; galibinsu mai zane suke nunawa zaune gaban wadda yake zanawa, wato damuwar Picasso kansa. Matisse kuma, a waƙoƙin Mallarmé da Albert Skira ya buga a 1932, siraran layuka ya yi amfani da su don farin shafin zane ya daidaita da baƙin shafin rubutu. Wanda ya zare zanen daga littafin ya raba shi da shafin da aka yi shi dominsa.