Tsohuwar da ta kwashe 'yan shaƙar fetur zuwa daji

Yuwendumu ƙaramin gari ne na ƙabilar Walpiri a tsakiyar hamadar Ostareliya, kusan kilomita 290 daga Alis Sifirin. Gwamnati ce ta kafa shi a 1946 don ta tara mutanen daji wuri guda tana raba musu abinci. A farkon shekarun 1990 wata masifa ta sauka a garin. Yara wajen 70 ne ke shaƙar fetur. Da dare sai su zuƙe tankunan motoci, su zuba a gwangwani, su yi ta yawo da shi a hanci har gari ya waye. Duk wanda ya taɓa ganin abin da sholisho ke yi wa yaro a unguwanninmu ya san yadda ƙwaƙwalwa ke lalacewa, ya kuma san kukan iyaye mata.

An yi sintirin dare, an yi bulala a bainar jama'a, an kori wasu daga gari. Duk a banza.

A 1994 dattawa suka yanke shawarar kai yaran wani wuri da ake kira Dutsen Tiyo, kilomita 160 cikin daji, ƙasar kakannin wani dattijo, Johnny Japangardi Miller. Wadda ta ɗauki nauyin zama da su wata dattijuwa ce, Peggy Nampijimpa Brown. Babu kuɗin gwamnati a lokacin, babu likita, babu gini na a zo a gani. Da ɗan abin hannunta da gudummawar mutanen gari ake ciyar da yaran.

Jarumtar matar nan ta wuce ciyarwa. A al'adar Walpiri, idan ka riƙe ɗan wani dangi wani abu ya same shi a hannunka, alhakin yana wuyanka, kuma danginsa na iya neman fansa a jikinka. Yaron da fetur ya ci wa jiki yana iya faɗuwa kowane lokaci, ga asibiti da nisa. Peggy ta san haka sarai, ta kuma ce a kawo mata su.

Ba a sa wa kowa mari ba, ba a kulle kowa a ɗaki ba. Nisan dajin ya isa katanga. Da ƙishirwar fetur ta lafa, sai dattawa suka riƙa fita da yaran farautar kangaru da damo, suna nuna musu yadda ake bin sawu, inda ake samun ruwa, da saiwar da ake ci. Da dare a bakin wuta ana faɗa wa kowane yaro labarin ƙasar da yake takawa, wace ce tasa, wane ne danginsa, da abin da ake jira daga gare shi. A ganina maganin yana nan. Yaron da ya tashi yana jin ba shi da amfani ga kowa, ga shi ya kamo abincin da mutane za su ci.

A gari kuma wani Bature, Andrew Stojanovski, da abokan aikinsa suka shirya wasanni da kiɗan dare, don wanda ya dawo kada ya tarar da zaman banzan da ya jefa shi tun farko. Cikin shekaru kaɗan shaƙar fetur ta kusa ɓacewa daga Yuwendumu, tun kafin 2005 da kamfanin BP ya fito da fetur Opal wanda ba ya bugarwa.

A 2007 gwamnatin Ostareliya ta ba Peggy da Johnny da Andrew lambar girmamawa ta ƙasa. Kafin nan ma an buɗe wani shiri na horar da matasa shugabanci mai suna Jaru Pirrjirdi, kuma cikin masu kula da ƙanana a shirin akwai waɗanda a da Peggy ta karɓa da gwangwani a hannu.