Yadda Alhassan Ɗantata Ya Riƙa Ɗora Matasa a Kan Jari

A kasuwar Adjamé da ta Treichville akwai matasa da dama da suka iya ciniki, amma rashin jari ya tsayar da su a matsayin yaran shago. Wasu kuma Allah ya hore musu kuɗi, sai dai tsoron asara ya hana su miƙa wa kowa. Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata yana da darasi ga ɓangarorin biyu.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Ya fara da fataucin goro daga Gwanja, yana kuma cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ya shiga sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa. A 1929, da aka buɗe reshen banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙumi 20. Ya rasu a 1955.

Gyaɗar da ya tara ba shi kaɗai ya bi ƙauyuka ya saye ta ba. Yaransa yake bai wa kuɗi tun kafin kaka, su je su sayo, su kawo a yi lissafi. Da yake ba jingina ake karɓa ba, hali da riƙon amana su ne abin dubawa. Haka tsarin ubangida da yaro yake tafiya: a fara da kaɗan, wanda ya cika alkawari a ƙara masa, har ya kai ga tsayawa da ƙafarsa. Wannan al'ada ba ta yanke a gidan ba, domin Aliko Ɗangote ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa, wato gidan Ɗantata.

A Amurka ma haka manyan kamfanoni ke tasowa. A 1998 Andy Bechtolsheim ya bai wa ɗalibai biyu dala 100,000 tun kafin a yi wa kamfaninsu rajista. Kamfanin shi ne Google. Masu irin wannan zuba jari sun san wasu kamfanonin za su durƙushe, don haka suke rarraba kuɗinsu wuri-wuri.

A fiƙihu ana kiran wannan hulɗa ƙiradi ko mudaraba: ɗaya da kuɗi, ɗaya da aiki. Ana raba riba bisa kason da aka yarda da shi tun farko, kamar rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ba wani adadi yankakke ba. Idan an faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ne ke ɗaukar asarar, mai aiki kuwa wahalarsa ce ta tafi.

Saboda haka, mai jari ya gwada yaro da kaɗan, kada ya zuba abin da iyalinsa ke ci da shi, kuma a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Matashi kuma ya riƙe littafin shiga da fita, kada ya haɗa kuɗin shago da na aljihu. Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.