Aron Mahaifa: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Karaye Da Rogo

Tun da aka haifi jaririya ta farko da aka haɗa cikinta a kwalba, a Ingila cikin 1978, likitoci suka sami ikon haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a wajen jiki. Daga nan aka kai ga dasa ɗan tayin cikin mahaifar wata mace dabam, ta ɗauke shi wata tara, ta haife shi, ta miƙa wa masu shi. Wannan shi ne aron mahaifa. Ba a yinsa a asibitin Karaye ko na Rogo, sai a manyan birane kamar Ikko da Abuja. Amma matanmu suna zuwa birane neman abinci, kuma talauci yakan sa a saurari mai kuɗi. Saboda haka ya kamata Hakimi ya san al'amarin tun kafin a kawo shi zaurensa.

Likitocin Amurka ba su karɓar mace sai ta cika shekara 21, ba ta wuce 45 ba, ta taɓa haihuwa lafiya, kuma haihuwarta ba ta wuce biyar ba. Ana auna jininta don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a duba mahaifarta da na'urar hoton ciki. Sa'an nan ta yi mako biyu ko uku tana shan maganin da ke ƙara kaurin shimfiɗar mahaifa, a bi shi da wani maganin, sau da yawa na allura, wanda ba a daina shi sai ciki ya kai mako goma ko sha biyu. Ɗan tayin da ake dasawa na kwana uku ne ko biyar. Ba kullum yake kamawa ba, akan maimaita. In ya kama kuwa, duk hatsarin da ke kan mai ciki yana kanta: hawan jini, jijjiga, zubar jini, da haihuwa ta hanyar fiɗa, balle in an dasa biyu suka zama tagwaye.

Shirin zuciya ya fi na jiki wuya. Mace za ta ji motsin ɗa wata da watanni, ta sha naƙuda, nono ya kawo, ta koma gida hannu wofi. A ƙauye ciki ba ya ɓoyuwa. Maƙwabta za su jira ranar suna, ba rago, ba jariri, 'ya'yanta na gida su yi ta tambayar ina ƙanensu. Don haka a ƙasashen da aka tsara abin, sai masanin halayyar ɗan Adam ya zauna da ita da mijinta kafin a fara kome.

Ta fuskar Shari'a, majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yarda cikin 1984 kishiya ta ɗaukar wa kishiyarta, amma ta janye wannan cikin 1985, gama kishiyar tana iya samun nata cikin daga mijin a kwanakin, nasaba ta rikice. Cikin 1986 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta haramta aron mahaifa. Indiya, inda aka daɗe ana yinsa don kuɗi, ta hana cinikin da doka cikin 2021. A Nijeriya kuwa, har zuwa 2024 majalisar tarayya ba ta zartar da dokar da ta tsara shi ba. Watau macen da aka yi wa alkawari aka saɓa, da ƙyar za ta sami madafa.

Hausawa dai suna da tasu hanyar tun kaka da kakanni, watau riƙo: 'yar'uwa ta ba wadda ba ta haihu ba ɗa bayan yaye, kowa ya san uwarsa da ubansa.

Idan labari ya zo cewa wani baƙo yana neman mata don wannan aiki, Dagaci ya sanar da Hakimi nan da nan. Malamin Hakimi ya rubuta sunan baƙon, da inda ya fito, da asibitin da ya ambata, da abin da ya yi alkawari. A aika da takardar fadar Sarkin Karaye, in da alamar cinikin jarirai a sanar da 'yan sanda da hukumar NAPTIP. Ita macen kuwa a tambaye ta a keɓe, gaban wata dattijuwa, kada a tona mata asiri a bainar jama'a.