Murhun Maganaɗisu: Mu Ware Tsaki da Tsakuwa

Tun da kuɗin gas ya fara gagarar aljihu, murhun lantarki mai fuskar gilashi, wanda 'yan kasuwa ke kira indokshin, ya soma shiga kicin ɗinmu, har cikin kayan ɗakin amare. Da shigowarsa kuma sai maganganu suka biyo shi. Wata ta ce yana sa ciwon daji, wata ta ce ba ya zafi ko kaɗan, wata ta ce a dirje shi da soson ƙarfe ya fi fita. Abin da ke damuna shi ne, ƙaryar da ake tsoro ba ta cutar da kowa, gaskiyar da aka yi wa riƙon sakainar kashi kuwa ita ke lalata murhun.

Yadda yake aiki

A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar jan ƙarfe. Idan wuta ta ratsa ta, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai jujjuyawa sau dubbai a daƙiƙa guda. Wannan ƙarfi ne ke shiga gindin tukunya, tukunyar ta ɗau zafi da kanta. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ya gano asalin wannan ilimi a 1831. Wanda ya riƙe wannan bayani, sauran maganar duk za ta zo masa da sauƙi.

"Yana zuba guba a abinci": ƙarya ne

Ƙarfin maganaɗisun ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba ne. Ƙarfen tukunya yake zafafawa, kuma da an kashe murhun ya ɗauke, ba ya barin komai a miya. Sai dai akwai mutum ɗaya da ya kamata ya kula: wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Gidauniyar kula da lafiyar zuciya ta Birtaniya ta ba da shawarar ya bar tazarar aƙalla santimita 60 tsakaninsa da murhun idan yana kunne.

"Gilashin ba ya zafi": rabin gaskiya ne

Murhun ba ya zafafa gilashin, amma tukunyar da ta tafasa a kansa tana mayar masa da zafinta. Shi ya sa da yawansu ke nuna harafin H bayan an sauke girki. Muddin yana nan, a hana yaro taɓawa, a kuma dakata da goge-goge. Cokali, wuƙa ko murfin ƙarfe da aka ajiye a kai yana kunne, su ma suna iya ɗaukar zafi.

"Kowace tukunya tana yi": ƙarya ne

Uwargida za ta ɗora tukunyar dalma, murhu ya yi ta ƙara ya ƙi dafawa, ta ce an sayar mata da jabu. Lafiyarsa ƙalau. Alminiyum zalla, tukunyar ƙasa da ta tangaran ba sa amsa kiran maganaɗisu. Gwajin ba wuya: ki tafi kasuwa da ɗan mayen ƙarfe, ki manna a gindin tukunyar. In ya kama gam, za ta yi. Ki kuma duba gindin ya zama shafaffe, ba mai tulluwa ba.

"Sai an dirje shi yake fita": nan ɓarnar take

Mun tashi mun ga ana cuɗa bayan tukunya da toka, da yashi, da soson ƙarfe, domin baƙin hayaƙin itace ba ya jin lallashi. Wannan gilashin kuwa lallashi kawai yake so. Duk zanen da soso ya yi masa ya zauna ke nan, babu man da zai mayar da shi.

Ga abin da ya isa. Idan ya huce, a shafe shi da tsumma mai laushi da ɗan sabulun ruwa na wanke-wanke, a bi da tsumma mai ɗanshi, sannan a tsane da busasshe. Manjan da ya fantsama, a goge shi ran nan, kada ya kwana. Farin tabon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari kuwa, ruwan khal ko na lemon tsami yana narkar da shi. Abin da ya ƙone ya kafe, a kankare shi da makankarar gilashi mai reza, a kwantar da bakinta, a tura a hankali.

Sau da yawa ma ba wankin ne ke zana shi ba. A lokacin hunturu ƙura na kwanta wa gilashin cikin dare. Da safe a ɗora tukunya a kan ƙwayoyin yashin, a kama tuƙin tuwo, muciya na juyawa tukunya na gogawa. Kafin a kwashe, zane ya fito zagaye. Gishirin da ya zube ma haka yake yi. A share gilashin da gindin tukunyar kafin a ɗora, a riƙe tukunya da kyau wajen tuƙi, in za a matsar da ita kuma a ɗaga ta, kada a ja.

"Sukari na cin gilashi": gaskiya ne

Wannan kam ba jita-jita ba ce. Idan kina alawar madara ko gullisuwa ta tafaso ta zube, narkakken sukari na manne wa gilashin, in ya sandare yana iya ɓantaro shi ya bar ƙananan ramuka. A nan kaɗai ba a jiran ya huce: ki kashe, ki kare hannunki da tsumma mai kauri, ki ture shi da makankara nan take. Leda ko roba da ta narke a kai, ita ma haka.

"Ɗan tsagewa ba komai": ƙarya mai haɗari

Ruwan miya na iya bin tsagar ya sauka kan kayan wuta. Da kin ga tsaga, ki zare shi daga soket har sai mai gyara ya sauya gilashin. Ƙaramin murhun tafi-da-gidanka ma ba a tsoma shi a ruwa.

Abin da ba a cika faɗa ba

Akwai fanka a cikinsa mai sanyaya kayan wutar. Ƙarar da kike ji bayan kin kashe, aikinta take yi, ki bari ta tsaya kafin ki zare waya. Kada ki shimfiɗa masa tsumma a ƙasa ya toshe kafofin iska, ki riƙa share musu ƙura, ki kuma hana kyankyasai mayar da cikinsa gida. Mai kai ɗaya yakan ja wuta kusan wat 2,000, don haka soket ɗin bango mai ƙarfi ya dace da shi, ba siririyar wayar jone ba.

Uwargida, kuɗi kika sa ko iyaye suka sa miki. Ki ajiye soson ƙarfe don tukwanen gawayi, ki ware wa murhun nan tsummansa mai laushi. Duk maganar da aka kawo miki a kansa kuma, ki auna ta da takardar da ta zo cikin kwalinsa kafin ki gwada.