MOTAR KARA DA MOTAR AKWATI

Duk wanda ya ratsa ƙasar Musawa da kaka, bayan an sare dawa an kai gida, in ya lura zai ga yara a zazzaune a gindin rumbuna, kowanne da guntuwar reza ga tarin kara a gabansa. Motoci suke ƙerawa. Sai yaro ya zaɓi kara mai ƙwari, ya feƙe ɓawonsa siri-siri, ya ware totuwa gefe guda, sa'an nan ya riƙa yanka totuwar yana soke ta da ɓawon, har shasi ya tsaya, kan mota ya hau, bodi ya biyo baya. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yanko ta, ko ɓallin ƙwarya, ko murfin kwalba. Wanda ya ƙware ya kan sa wa tasa ƙofar da ke buɗewa, ya ɗaura mata dogon sille a madadin sitiyari, ya tura ta yana yi mata kukan inji da baki, har da canjin giya in an zo hawa.

Mu ma mun yi, kuma muna zaton da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida sun yi. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wani abu da muka gani da idonmu sa'ad da muka fita duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta a wata makarantar firamare ta wannan yanki. Ran nan ranar karɓar aikin hannu ce. Yara suka yi layi, wannan da tsintsiya, wancan da mafici, kuma kowa ya san a kasuwa aka sayo su. Waɗansu ma ba su wahalar da kansu ba, kuɗin tsintsiyar suka miƙa, aka rubuta musu maki. Can sai ga wani yaro ɗan aji biyar da motar kara mai ƙafa shida, har da tsani a bayanta da ɗan tamfol na leda. Malamin ya dube ta ya ce wasa aka hana a kawo makaranta, ya sa aka jefar da ita bayan aji, yaron ya tashi ba maki. A cikin yara wajen sittin shi kaɗai ne ya yi abin da ya kawo da hannunsa, shi kaɗai ne kuma aka kora.

Ba mu ga laifin malamin ƙwarai ba, don haka ya tarar ana yi, kuma mu da muka koyar da irinsa ba mu taɓa nuna musu abin da ke cikin motar kara ba.

YADDA AKE YI A ƘASASHEN WAJE

A Ingila da Amurka da Jamus da Japan, haɗa ƙananan motoci abin sha'awa ne na manya, har da dattawa masu jikoki. Mutum ya kan sayi akwatin kwali, a ciki akwai gutsattsarin roba ɗari biyu ko fiye, kowanne da lambarsa, ga kuma takarda mai zane da ke nuna wanda za a fara da wanda zai biyo. Shi zai yanko su ɗaya-ɗaya, ya goge, ya manna da gam, ya yi fenti da ɗan siririn burushi. Tirela guda ta kan ci wa mutum makonni, don injin kaɗai sai an haɗa shi daga gutsattsari masu yawa, alhali kuwa in an rufe shi ba mai ganinsa. Waɗansu har tsatsa da ƙura suke zana wa motar, don ta yi kama da wadda ta sha hanya.

Abin ya daɗe. A 1901 wani akawu a birnin Libaful, Frank Hornby, ya yi rajistar wasu 'yan ƙarafa masu huji da ake ɗaurewa da kusoshi a yi mota ko gada, waɗanda daga baya aka sani da sunan Meccano. Kamfanin Airfix na Landan kuwa, a 1949 ya yi ƙaramin samfurin tarakta ta Ferguson, da farko a haɗe, daga baya aka ga ya fi araha a sayar da ita a warwatse mai saye ya haɗa da kansa. Bayan 'yan shekaru suka fitar da ƙaramin jirgin ruwa a cikin jakar leda a kan sule biyu, kasuwa ta buɗe. Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan da sana'ar katako ya soma a 1946, a 1993 kuwa ya fitar da tirelar da ake tuƙawa daga nesa da na'ura, mai giya uku kamar ta gaske. Akwai kuma Italeri a Italiya da AMT a Amurka, waɗanda suka yi suna wajen manyan motocin kaya.

To, a jikin kowane akwati za ka ga an rubuta wasu lambobi, 1:24 ko 1:25 ko 1:14. Nan ne maganar take. Ma'anar 1:24 ita ce kowane abu na jikin ƙaramar motar kashi ɗaya ne cikin 24 na takwaransa a jikin babbar, tun daga tsawon bodi har kaurin sitiyari. Ba haka kawai aka zaɓi 24 ba. A awon Ingilishi inci 12 ne ƙafa guda, saboda haka rabin inci ya tsaya a madadin ƙafa guda ke nan, lissafin ya zo da sauƙi.

In an kwatanta su biyun, lalle yaron Musawa ya fi mai akwati wahala. Shi mai akwati an riga an auna masa, an zuba masa, an lambata masa, abin da ya rage gare shi haƙuri ne da tsabtar hannu. Yaronmu kuwa ba takarda ba zane. Ya tsaya ne a bakin kasuwa ya ƙare wa motar kallo sa'ad da ake yi mata lodin buhuna, ya leƙa ƙarƙashinta kafin karen mota ya daka masa tsawa, ya riƙe siffar a ka, ya zo ya nemi abin da zai yi kowane sashe da shi. Abu guda ya rasa, shi ne awo. Shi ya sa za ka ga tayar ta yi wa motar girma, ko kan ya rinjayi bodin. Awo kuwa ba a gindin rumbu ake samunsa ba, aikin malami ne.

ABIN DA AWO KE KOYARWA

Bari mu buga misali. A ce malam ya ɗauki 'yan aji shida ranar kasuwa, ya roƙi wani direba izini, suka auna motarsa da igiya da rula. A ce tsawonta ya zo mita 7 da santimita 20, watau santimita 720. A raba da 24, ya ba da santimita 30, tsawon rular da ke cikin jakar kowane yaro. In tsayin taya santimita 96 ne, tayar silifa za ta zama santimita 4, ba ƙari ba ragi. Yaron da ya ƙi jinin rabawa a kan allo, ran nan da kansa zai roƙi a sake nuna masa, domin in ya kuskure motarsa ce za ta karkace, abokansa kuma su yi masa dariya.

Sa'an nan sai malam ya jefa musu tambaya: tamfol nawa na ƙaramar mota za a ɗinka a sami na babbar? Duk za su ce 24. Sai a shimfiɗa a ƙasa a gwada, su ga ashe tsawo ya ninka sau 24, faɗi ma haka, watau 576. In aka zo ga cikin bodi, inda zurfi ya shigo, sai a sake ninkawa, ya zama 13,824. Motar da ke ɗaukar masara tan 10, watau kilo 10,000, 'yar ƙaramarta ba za ta ɗauki ko kilo guda cikakke ba. Mun gwada wannan tambaya a kan ɗalibanmu na kwaleji, masu shirin zama malamai, kuma kunya ta hana mu faɗin yawan waɗanda suka ce 24 har sau uku. Wanda ya gane wannan da hannunsa ya gane taswira, ya gane zanen gini, ya kuma gane abin da ya sa rumbun da aka ninka faɗinsa da tsayinsa ya kan ci hatsi fiye da ninki biyu nesa ba kusa ba. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke karɓar zanen kwalbati ko na ɗakin shan magani daga hannun 'yan kwangila sun san amfanin mutumin da zai dubi takarda ya ce nan an rage.

Har tarihi yana ciki. Motocin da yaran wannan yanki suka tashi suna kwaikwayo su ne masu jigilar auduga zuwa injinan gurza na Funtua da Malumfashi, irin su Bedford ta Ingila da Marsandi 911 mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙera irinta a Jamus a 1959. Langalangar da ake ɗaure dilar auduga da ita ma ba ta tsira ba, ita yara suka riƙa lanƙwasawa suna yin motar langalanga, wadda ta fi ta kara ƙarko. Malam na iya tambayar yara a wane gefe za su sa sitiyari, daga nan ya gaya musu cewa sai a watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama.

Kada kuma wani ya raina haɗa abin da aka kawo a akwati, gama manyan motocin ƙasar nan ma haka aka yi ta yin su. A shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waje, aka kafa masana'antar Marsandi a Inugu, ta Steyr a Bauchi, ta Fiat a Kano, ta Leyland a Ibadan. Galibin kayan a akwatuna suke zuwa daga Turai, a nan a ɗaure su. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980, akwatuna suka rage zuwa, aikin ya yi ta ja da baya. Abin da bai tsaya ba shi ne aikin kafintocinmu da masu walda, waɗanda ke karɓar shasi tsirara su gina masa bodin katako, su yi masa ado da fenti da rubutun hikima a goshi. Su ne 'yan'uwan mai motar kara na jini. Wanda kuma ya ɗauka cewa abin ba ya wuce nan, ya tuna da Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya yi aikin zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka, ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, ya kuma shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. A irin waɗannan kamfanoni, kafin a taɓa ƙarfe sai an fara gina motar da yumɓu, ƙarama tukuna, bisa awo.

Sa aikin hannu a makaranta ba baƙon abu ba ne gare mu. Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, kuma makarantun elementare na zamanin En'e sun riƙe aikin hannu da gonar makaranta. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje da kuɗi masu yawa, amma da dama daga cikinsu a akwatunansu suka tsufa, don ba wuta, ba kuma wanda ya iya sarrafa su. Kara ba ya bukatar lantarki, ba ya jiran a sa hannu a takardar kuɗi.

Sai dai kada mu yi sake, gama abin yana ja da baya. Tun da aka soma aikin bunƙasa noma na Funtua a 1975 masara ta yi ta cin filin dawa a yankin nan, karan masara kuwa bai kai na dawa tsawo da ƙwari ba. Wanda ya samu ma ana rububinsa, don girki da danni da abincin dabbobi. Ga motocin roba na ƙasar Sin sun cika kasuwa, a saya yau su karye gobe, ga kuma wayar hannu ta ɗauke hankalin manyan yara waɗanda dā su ne ke koya wa ƙanana. A unguwa guda, in aka yi shekara biyar ba wanda ya yi, shi ke nan an manta yadda ake soke totuwa ba ta tsage ba.

Shawararmu ga shugabannin makarantu ita ce a hana karɓar kuɗi ko abin kasuwa da sunan aikin hannu, a riƙa yin aikin a cikin aji a gaban malam. A tanadi kara tun da kaka, dami biyu ya ishi aji guda. A raba yara biyar-biyar, har da 'yan mata, don ba mu ga dalilin da zai sa a bar su da saƙar mafici kaɗai ba. Kowace ƙungiya ta fara kawo takardar awonta, malam ya duba lissafin kafin a ba su reza, kuma reza a hannun malam za ta kwana, a ƙirga ta da safe a ƙirga da yamma. Wajen ba da maki, rabi na daidaiton awo ne, a sa rula a gwada a gaban kowa. Sauran rabin a raba tsakanin ƙarko da kyan gani. In akwai wani bakanike ko mai ƙera bodi a garin, a gayyato shi ya yi alƙalanci, zai ga abin da malam ba zai gani ba, yaran kuma za su ji maganarsa.

In an gama, kada a jera motocin a ƙasa ko a jingina su da bango, gara za ta cinye su kafin a dawo hutu. A rataye su da zare a jikin rufin aji, kowace da takardar awonta a maƙale, don 'yan ajin baɗi su tarar da abin da za su auna nasu da shi.