Ma'aikatan Lafiya na Wucin Gadi a Gaɓar Tafkin Kainji: Dalilai, Illoli da Aikin da Ke Gaban Ƙungiyar Ƙwadago

A ƙananan asibitocin karkara na Arewa akwai wani rukuni na ma'aikata da sunansu bai shiga takardar albashi ba, alhali su ne ke buɗe ƙofa da safe, su yi awon ciki, su yi wa yara allurar rigakafi, su karɓi haihuwa cikin dare. Ana ce musu 'yan sa-kai ko ma'aikatan wucin gadi. Da yawansu sun kammala karatun kiwon lafiyar al'umma a makarantu irin ta Jega, shekara uku ga babban jami'i, biyu ga ƙarami, sun kuma yi rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. Takardar ɗaukar aiki na dindindin ce kawai ba su da ita. Yawaitar wannan rukuni shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya su sa a gaba, musamman a wuri irin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi.

Me ya jawo?

Dalili na farko shi ne yadda kuɗin lafiya a matakin farko ke zuwa ta hanyar shirye-shirye masu wa'adi. A 2009 hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, bisa yarjejeniyar cewa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai biya nasa kason alawus. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su cika alkawari ba. Shirin SURE-P na mata da yara ya zo a 2012, ya tsaya a 2015. N-Power ya ɗauki matasa daga 2016 a kan naira 30,000 a wata, aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020. A 2022 Kebbi ta shiga cikin jihohi takwas da suka ƙulla yarjejeniya da GAVI da UNICEF don ƙarfafa asibitocin matakin farko, ita ma mai wa'adi. Kowane shiri yana horar da mutane, idan ya ƙare ya bar su a bakin asibiti suna jiran na gaba.

Na biyu shi ne rashin takamaiman uban gida. Shekaru da yawa albashin waɗannan asibitoci yana wuyan ƙananan hukumomi, kuɗinsu kuwa yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A 2011 aka amince da manufar tattara harkar a ƙarƙashin hukumar jiha guda, sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tsakanin waɗannan matakai biyu, tambayar wa zai ɗauki sabon ma'aikaci kuma wa zai biya fanshonsa takan rasa mai amsawa. Tsofaffi suna ritaya, ba a cike gurbinsu, makarantu kuma suna yaye sababbi duk shekara.

Na uku shi ne fatan samun gurbi. Matashin da ya gama karatu yakan zaɓi ya riƙa zuwa asibitin garinsu ba albashi, don hannunsa kada ya mutu, kuma don a tuna da shi ranar da aka buɗe ɗaukar aiki. Wannan haƙuri nasa ne ke rufa wa tsarin asiri, domin muddin ƙofa a buɗe take, hukuma ba ta jin zafin giɓin.

Abin da ya haifar a Ngaski

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kusan 44,000 daga matsugunansu, rayuwar Wara da Libata da ƙauyukan gaɓa ta koma kan tafki. Akwai wuraren da sai da kwalekwale ake isa, da damina kuma hanyoyin ƙasa sukan yanke. Hatsarin jirgin ruwa na watan Mayun 2021 kusa da Wara, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya nuna irin kasadar da ke cikin wannan sufuri. Sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin shekarar ya ƙara wa baƙin ma'aikata tsoron zama a yankin.

Buƙatar kuwa babba ce. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi suna ɗauke da cutar, mafi yawa a duk Nijeriya. Ga tsargiya da ke bin yaran masunta. Tun 2014 manufar gwamnati ta yarda a horar da jami'an lafiyar al'umma su yi wasu ayyukan ungozoma inda babu ita, wato an ƙara musu nauyi.

Wanda ba shi da albashi dole ya nemi abinci a wani wuri: gona, kamun kifi, ko shagon sayar da magani. Ranar kasuwa ko lokacin girbi asibiti yakan zama kufai. Shugaban asibiti ba shi da bakin tsawata wa wanda ba ya biya. Idan ma'aikacin ya samu aiki a Yauri ko Kontagora ya tafi, yakan tafi da horon da aka kashe masa kuɗi, da kuma amanar da ya ƙulla da iyaye mata cikin Kambarci ko Gunganci, abin da baƙo ba zai gina a wata guda ba.

Ina ƙungiya ta tsaya?

Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta MHWUN da uwarta NLC sun daɗe suna adawa da aikin wucin gadi, kuma dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku. Amma manyan yajin aikin gamayyar JOHESU, kamar na 2018 da na 2023, sun fi karkata ga gyaran tsarin albashi na waɗanda suke ciki. Dalilin a fili yake: daga albashi ake cire kuɗin ƙungiya, ɗan sa-kai kuwa ba shi da albashin da za a cira, don haka muryarsa ba ta da ƙarfi a taro.

A wasu ƙasashe an tsallake wannan shinge. A Pakistan, mata jami'an lafiya da aka fara ɗauka a 1994 sun yi ta zaman dirshan har Kotun Ƙoli ta ba da umarnin tabbatar da su a 2012, su fiye da 100,000. A Afirka ta Kudu ƙungiyar NEHAWU ta kai ƙara, kotun ƙwadago ta yanke a farkon 2025 cewa ma'aikatan da aka yi shekaru ana sabunta musu kwantiragi na dindindin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2018 ta ba da shawarar a riƙa biyan irin waɗannan ma'aikata tare da rubutacciyar yarjejeniya.

Hujjar gwamnati da mafita

Masu riƙe da baitulmali suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Kebbi ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 a 2024, kowane sabon ma'aikaci kuma nauyi ne na shekara 35 tare da fansho. Akwai tsoron ma'aikatan bogi, akwai kuma abin da kowa ya sani: wasu da zarar sun samu takarda sai su nemi hanyar komawa Birnin Kebbi, ƙauye ya koma gidan jiya.

Saboda haka buƙatar ƙungiya ta fi ƙarfi idan ta zo da sharuɗɗa. A tantance masu aiki a zahiri mazaɓa-mazaɓa, da shaidar hakimai da kwamitin ci gaban mazaɓa. A fara da waɗanda suka fi daɗewa kuma 'yan yankin ne. A ɗaure gurbin da asibitin na wasu shekaru, tare da alawus na musamman ga masu tsallaka ruwa. Kada jiha ta sa hannu kan sabon shirin tallafi sai kasafinta ya nuna yadda za ta riƙe ma'aikatan bayan wa'adi, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gwamna Nasir Idris ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa kafin ya hau mulki a 2023, don haka harshen ƙwadago ba baƙo ba ne a gidan gwamnatin Kebbi. Matakin farko yana hannun MHWUN: ta yi wa 'yan sa-kai rajista, ta ƙirga su asibiti-asibiti daga Ngaski zuwa Shanga, ta kai jerin sunayen teburin sulhu kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.