Ko ka sani? Yadda kyamara ke kawo benayen Nairobi bayan raƙumin dawa

Akwai wani hoto da ya zagaya duniya: raƙumin dawa yana tsaye cikin ciyawa, dogayen benayen Nairobi kuma suna bayansa kamar zai miƙa wuya ya leƙa taga. Da yawa sukan ɗauka haɗin kwamfuta ne. Hoton gaskiya ne, a gandun dajin Nairobi ake ɗaukarsa, wanda aka kafa a 1946, mai faɗin murabba'in kilomita 117, kimanin kilomita 7 kudu da tsakiyar birnin.

To, yaya aka yi benen da ke can nesa ya matso haka? Sirrin yana wurin da mai hoto ya tsaya. Idan ya kusanci raƙumin dawan, a ce mita 20, dabbar za ta cika hoton, benayen kuma su zama 'yan ɗigo-ɗigo. Idan ya ja da baya zuwa mita 500, raƙumin zai ƙanƙance ninki 25, amma benen da ke kilomita 8 kusan ba zai canza ba, domin rabin kilomita ba kome ba ne a kan nisansa. A nan ne dogon madubin kyamara, mai milimita 400 ko 600, yake shigowa. Yana yanko wannan ɗan ɓangaren ya faɗaɗa shi, dabba da bene su girma tare, ido kuma ya rasa gane tazarar da ke tsakaninsu. Masu hoto kan ce madubin ne ke matse nisa, amma a gaskiya ja da bayan ne ya yi aikin.

Irin wannan madubi ba ya son girgiza ko kaɗan. Tunda doka ba ta yarda a sauka daga mota ba sai a keɓaɓɓun wurare, sai a kashe injin, a ɗora madubin kan ƙaramin buhun wake a bakin taga. Sammako ma dole ne. Da rana ta ɗaga, iska mai zafi takan tashi daga ƙasa, kawalwalniya ta sa benayen su yi ta rawa a hoton, kuma babu tsadar kyamarar da ke maganin wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren da ba a cika juya kyamara gare shi ba. Shingen lantarki ya kewaye gandun ta fuska uku. Kudu kaɗai aka bari a buɗe, ta kogin Mbagathi, inda jakunan dawa da sauran dabbobi ke fita kiwo zuwa filayen Kitengela. Yanzu gidaje da shingayen gonaki suna cinye wannan hanya, layin dogon da aka buɗe a 2019 kuma ya ratsa gandun bisa doguwar gada. A ganina, mai hoton da ya je Nairobi ya kamata ya ware safiya guda domin kudun nan.